Tafkin Madarumfa: Irin gidan hutun da ya dace a gina a bakin ruwa, da darasin da tsibiran duniya suka koyar

Idan mutum ya bar birnin Maraɗi ya nausa kudu, kafin ya ci kilomita 25 zai isa Madarumfa, garin da ke bakin tafkin da ya fi kowane suna a jihar. Da safe masunta ne a kan ruwa cikin ƙananan jirage suna neman karfasa da tarwaɗa. A gefe masu lambu na ban-ruwa, makiyaya na gangaro da shanu mashaya, balbela da zalɓe na kiwo a inda ruwan bai da zurfi.

Idan damina ta yi albarka tafkin yakan cika ya kai wajen hekta 800, sannan ya riƙa ja da baya har zuwa bazara. Kusa da shi akwai gandun daji na gwamnati, a kewayensa kuma akwai kaburburan da mutanen yankin ke cewa na waliyyai 99 ne, waɗanda ake zuwa ziyara daga wurare daban-daban.

A shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta miƙa wa hukumar UNESCO sunan dajin da tafkin da kaburburan a haɗe, cikin jerin wuraren da take fatan a amince da su a matsayin kayan gado na duniya. A 2019 kuma tafkin ya shiga jerin wurare masu dausayi da yarjejeniyar Ramsar ke karewa, yarjejeniyar da aka ƙulla a Iran a 1971, Nijar ta shige ta a 1987.

Wuri irin wannan ba ya rasa masu son kwana a gefensa. Abin da ya rage a tantance shi ne wane irin gida za a gina musu, a ina za a aza harsashinsa, kuma wa zai ci gajiyarsa.

Me ya sa batun ya taso yanzu

A watan Fabrairun 2021 tsohon shugaban Najeriya Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka bai wa kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal. Layin zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya kafin ya ƙetara iyaka. Da zarar ya ƙetara, gundumar Madarumfa ce zai fara takawa.

Ko ba jirgin ƙasa, tazarar da ke tsakanin Katsina da Maraɗi ba ta kai kilomita 100 ba, kuma jama'ar ɓangarorin biyu dangin juna ne tun lokacin da sarautar Katsina ta Haɓe ta koma Maraɗi bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19.

Turawa masu yawon buɗe ido kuwa sun yi ƙaranci a Nijar. Harin da aka kai a yankin raƙuman dawa na Kure ranar 9 ga Agustan 2020, inda aka kashe Faransawa shida ma'aikatan agaji da 'yan Nijar biyu, ya ƙara durƙusar da harkar. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da rufe iyakoki da ya biyo baya suka zo suka ɗora.

Saboda haka wanda zai kama ɗaki a bakin tafkin Madarumfa nan gaba ya fi yiwuwa ya zama ɗan kasuwa daga Maraɗi da iyalinsa, ko ango da amarya daga Katsina, ko ɗaliban jami'a masu nazarin tsuntsaye, ko mai ziyarar kaburbura da dare ya yi masa. Waɗannan baƙi suna da buƙatunsu, kuma gidan da aka kwaikwayo daga hoton Dubai ba lallai ya biya musu su ba.

A ko'ina a duniya, idan hanya ta buɗe zuwa bakin ruwa, farashin fili ne ke fara tashi. Gini ya biyo baya, doka kuma ta iso a makare.

Abin da tsibirai uku suka yi

Madarumfa na nesa da teku da ɗaruruwan kilomita. Amma matsalar da mazauna ƙananan tsibirai suka daɗe suna fama da ita iri ɗaya ce da tata: fili kaɗan ne, ruwa na matsowa yana komawa, kuma kyan wurin shi ne jarin kowa.

A tsibirin Lanzarote, ɗaya daga tsibiran Kanari na Sifaniya da ke daura da gaɓar Maroko, wani mai zane ɗan asalin wurin, César Manrique, ya koma gida daga New York a shekarun 1960, daidai lokacin da manyan otal-otal ke mamaye gaɓar Sifaniya. Ya shawo kan hukumomin tsibirin suka hana kafa allunan talla a gefen hanya, aka ci gaba da gina gidaje gajeru masu farin fenti kamar yadda aka gada. Gidansa na Tahíche ma a cikin ramuka biyar da dutse mai aman wuta ya bari ya shigar da wani sashe nasa. Manrique ya rasu a 1992, a 1993 UNESCO ta ayyana tsibirin a matsayin keɓaɓɓen muhalli.

Sai dai labarin bai ƙare a nan ba. Bayan rasuwarsa an gina otal-otal a tsibirin ba bisa ƙa'ida ba, har kotuna suka soke lasisin fiye da 20 daga cikinsu. Ƙa'idar da mutum ɗaya ya riƙe da ƙarfin sunansa ta yi rauni bayan ba shi.

A Chumbe, wani ɗan tsibiri kusa da Zanzibar a Tanzaniya, ɗakuna bakwai kacal aka gina wa baƙi. An tsara rufin ganyen kwakwa ta yadda zai tattara ruwan sama ya zuba a matattara ƙarƙashin daɓen ɗakin. Wuta daga hasken rana take. Bayan gidan ba ya amfani da ruwa, ƙazantar na komawa taki, don kada komai ya gangara teku ya kashe murjani. An ayyana ruwan gefen tsibirin a matsayin wurin da aka kare a 1994, kuma tsofaffin masunta aka ɗauka aikin gadinsa. Kuɗin da baƙi ke biya ne ke riƙe da aikin.

A tsibirin Fogo na Kanada, bayan an hana kamun babban kifin da jama'a suka dogara da shi a 1992, wata 'yar tsibirin mai suna Zita Cobb ta kafa gidauniyar Shorefast. Mai tsara gine-gine Todd Saunders ya zana musu ƙananan ɗakuna a kan dirkoki, irin yadda masuntan wurin ke kafa rumfunansu a kan duwatsun gaɓa, don kada a fasa dutse ko a share ƙasa. A 2013 aka buɗe masauki mai ɗaki 29, kuma rarar da ya samu tana komawa ayyukan al'ummar tsibirin.

A duka wuraren uku an taƙaita yawan ginin da girmansa, an ɗauki salon da mutanen wurin suka sani, sannan an tsara tun farko inda kuɗin zai tafi.

A fara tambayar ruwa iyakarsa

Mutanen Maraɗi ba sa buƙatar wanda zai ba su labarin ambaliya. A 1945 Gulbin Maraɗi ya yi toroƙo ya cinye tsohon garin da ke cikin kwari, abin da ya sa aka tashi aka koma kan tudu, inda birnin yake a yau.

A daminar 2024 ma an gani. Ambaliya ta hallaka ɗaruruwan mutane a faɗin Nijar, ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya, kuma jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. A ƙarshen watan Agusta ruwa kamar da bakin ƙwarya ya sauka a birnin Maraɗi cikin ɗan lokaci, ya rusa gidaje, aka rasa rayuka. Kwanaki kaɗan bayan haka tsohon masallacin ƙasa na Damagaram, wanda aka gina tun ƙarni na 19, ya rufta.

Tafkin Madarumfa yana samun ruwa ne daga Gulbin Gabi da kuma Gulbin Maraɗi, wanda ke tasowa daga Najeriya. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a jihar Katsina wajen 1990, yawan ruwan da ke gangarowa da lokacin zuwansa sun sauya. Ma'ana, cikar tafkin ba ta dogara ga ruwan da ya sauka a Madarumfa kaɗai ba.

Don haka matakin farko kafin a zana komai shi ne gano iyakar da ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar da ya fi cika, ba a shekarar da ake ciki ba. Tsofaffin masunta da masu lambu sun san wannan iyaka, kuma sawunta kan fito a jikin bishiyoyi. Gida ya tsaya bayan wannan layi, a kan tudu, da tazara mai kyau. Wanda ke son zama dab da ruwa a yi masa rumfar zana da za a iya kwancewa idan damina ta kankama.

Gini a kan ruwa kuwa yana da daɗin kallo a hoto, amma kula da shi ba wasa ba ne. Makarantar da Kunlé Adeyemi ya gina a kan ruwa a unguwar Makoko ta Legas a 2013 ta yi suna a duniya, sai dai ta rushe a watan Yunin 2016 bayan ruwa da iska, Allah Ya sa an riga an kwashe ɗaliban. A Saint-Louis ta Senegal, 'yar hanyar ruwa mai faɗin mita huɗu da aka haƙa a 2003 don rage ambaliya ta buɗe ta kai kilomitoci, ta cinye ƙauyen Doun Baba Dièye. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ƙasa ko siminti

A watan Afrilu da Mayu zafi a wannan yanki yakan haura maki 40. Ɗakin bulo da rufin kwano yakan zama tamkar tanda da rana, sai an sa na'urar sanyaya ɗaki, ita kuma sai da wuta, wuta kuma sai da janareta idan ta ɗauke. Wanda ya baro hayaniyar birni ya zo hutawa zai kwana yana jin ƙarar inji da warin mai.

Katangar ƙasa mai kauri tana shan zafin rana a hankali, ta sake shi da dare lokacin da gari ya yi sanyi. Abin da ya sa soro ke da sanyi da azahar ke nan. Ga kuma launi: ginin da aka yi da ƙasar wurin yana sajewa da wurin, ba ya tsone ido daga tsallaken tafki.

Masu cewa ginin ƙasa na talaka ne ko na ƙauye, Nijar ta riga ta ba su amsa. Masallacin Juma'a na Yama a jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Tsohon birnin Agadas da hasumiyarsa ta ƙasa mai tsawon mita 27 ya shiga jerin UNESCO a 2013. A Yamai, Mariam Issoufou Kamara da abokan aikinta sun kammala rukunin gidaje shida na Niamey 2000 a 2016 da bulon ƙasa da aka matse da inji. A 2018 ita da Yasaman Esmaili suka kammala cibiyar Hikma a Dandaji, inda aka mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, aka gina sabo a gefensa, tare da maginan garin.

Amma a bakin tafki dole a faɗi gaskiya: babban abokin gabar ginin ƙasa shi ne laima. Gidajen da suka fi rushewa a ambaliyar 2024 na ƙasa ne. Abin da ke kayar da irin wannan gini yawanci shi ne ruwan da ya kwanta a gindin katanga ya jiƙa ta daga ƙasa, ko rufin da aka bari ba gyara.

Maganin sananne ne. A yi harsashi da dutse ko kankare, a ɗaga shi aƙalla rabin mita sama da ƙasa kafin a aza tubali na farko. Idan bulon ƙasa na inji za a yi, ana haɗa shi da ɗan siminti, kamar kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari. A fitar da baki ga rufi ko a sa indararo masu tsawo da za su jefa ruwa nesa da gindin gini. Katangar gabas, wadda hadari ke duka, ita ce ke buƙatar yaɓe mafi ƙarfi. Maginan da suka gabata suna amfani da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina. Yaɓen siminti a kan katangar ɗanyar ƙasa kuwa yakan ɓamɓare, ya kuma ɓoye laima a ciki har katangar ta ruɓe ba a sani ba.

Rufin da ba zai cinye daji ba

Rufin soro na gargajiya da azara ake yin sa, wato tsagin kututturen giginya, wanda gara ba ta cika ci ba. Azara ɗaya ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan faɗin ya wuce kamar mita biyu, shi ya sa magina suka ƙware wajen bakan gizo da ɗaurin guga don samun ɗaki mai faɗi. Aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a masallacin Juma'a na Zariya, a shekarun 1830, shi ne misalin da aka fi ambata.

Giginya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara. Gina ɗakunan baƙi da azara a gefen gandun dajin da ake ƙoƙarin karewa tamkar tufka da warwara ne.

Nan ma akwai mafitar da aka gwada a cikin ƙasar. Tun 1980 ƙungiyar Development Workshop ta fara koyar da gini ba da itace ba a Cikal, kusa da Filinge. Ana yin rufin da tubalin ƙasa zalla, a lanƙwasa shi kamar baka ko a tayar da ƙubba, dabarar da ta samo asali daga Nubiya a kwarin kogin Nilu. An horar da ɗaruruwan magina a Nijar da maƙwabtanta a wannan fanni. Ga ƙaramin ɗaki mai faɗin mita uku zuwa huɗu, irin wannan rufi ya wadatar. Wata hanyar ita ce wadda Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya ci lambar Pritzker a 2022, ya bi a makarantar ƙauyensu Gando: silin na ƙasa, sannan a ɗaga kwano sama da shi a bar sarari iska na ratsawa. Kwanon na kare ginin daga ruwa, zafinsa kuma ba ya sauka a ɗaki.

Bishiyoyin da ke filin su ma wani ɓangare ne na ginin. Jihar Maraɗi ce mahaifar sassaben zamani, dabarar rainon tohon kututture a gona wadda Tony Rinaudo ya fara yaɗawa tare da manoma a 1983, kuma aka ƙiyasta ta dawo da bishiyoyi kimanin miliyan 200 a kudancin Nijar. Abin kunya ne a ce a wannan jiha an tumɓuke gawo ko tsamiya ko kanya don a sami filin aza ɗaki. A zagaya bishiyar, a sa ta a tsakar gida ta ba da inuwa. Tsayin ginin kuma kada ya wuce na bishiyoyin da ke kewaye da shi. Hawa ɗaya ya isa.

Ƙarami, amma da sutura

Ƙananan gidajen hutu na Turai yawanci ɗaki ɗaya ne mai katangar gilashi da ke fuskantar teku. Magidanci Bahaushe da ya zo da matarsa da 'ya'yansa ba zai saki jiki a irin wannan ɗaki ba, gilashin kuma zai mayar da ɗakin tanda kafin azahar.

Tsarin gidan Hausa ya riga ya warware wannan. Ana iya taƙaita shi cikin fili mai faɗin murabba'in mita 40 zuwa 50 na rufaffen gini: ɗan zaure ko rumfa a ƙofa inda maigida zai karɓi baƙo, ɗakin kwana ɗaya ko biyu, makewayi, da 'yar tsakar gida da aka kewaye da gajeriyar katanga ko zana. A nan mata za su zauna su yi girki, yara su yi wasa, da bazara a shimfiɗa tabarma a kwana a waje cikin gidan sauro.

Yawancin zaman hutu a waje ake yin sa, don haka kuɗin da za a kashe wajen faɗaɗa ɗaki gara a kashe shi a kan inuwa. Rumfa mai fuskantar tafki, da asabari da za a saki idan ana son sirri, ta fi falo mai kujerun kushin amfani.

Tagogi su zama ƙanana, a katangu biyu masu fuskantar juna don iska ta ratsa. Iskar damina daga kudu maso yamma take zuwa, ita ake so ta shigo. Ta hunturu mai ƙura daga arewa maso gabas take, ita ake karewa. Katangar yamma, wadda ranar la'asar ke gasawa, a bar ta ba taga ko a jingina mata rumfa. A tanadi wurin alwala da ɗan filin salla, a kuma lura da alƙibla wajen aza makewayi.

Kayan ɗaki ma akwai su a yankin: tabarmin kaba, randa, gadon itace, kayan fata da Maraɗi ta yi suna da su. Duk abin da aka saya a kasuwar Madarumfa kuɗinsa ya zauna a Madarumfa.

Inda ƙazanta za ta tafi

Abin da ke kashe ƙaramin tafki ba ya fitowa a hoto. Ruwan wanka da na wanki, da abin da ke tsiyaya daga masai, idan suka shiga ruwan da ba ya gudu sai ciyawa ta mamaye shi, kifi ya ragu. A ƙa'idar da ma'aikatan tsafta ke bi, ramin masai ya nisanci rijiya ko mashaya da aƙalla mita 30, gindinsa kuma ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙarƙashin ƙasa. A fadama ruwan ƙasa na kusa, don haka ramin gargajiya bai dace ba. Sai dai rufaffen tanki da ake kwashewa, ko irin bayan gidan Chumbe da ba ya buƙatar ruwa.

Ruwan sama kuwa kyauta ne. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 40, a shekarar da aka sami milimita 500, zai iya tara lita dubu 20 kafin a cire abin da ya zube. Wannan zai rage dogaro ga tafkin da rijiyoyin gari.

Sauro ba ya rabuwa da bakin ruwa, don haka raga a kowace taga da gidan sauro a kowane gado wajibi ne. Ruwan da ba ya gudu a yankin Sahel yakan ɗauke da cutar tsargiya, saboda haka ya kamata a gargaɗi baƙi, musamman yara, game da wanka a ciki. Faifan sola kaɗan sun isa fitila da fanka da cajin waya. Manyan fitilu masu haska ruwa da dare suna korar tsuntsayen da aka zo kallo, suna kuma tara ƙwari.

Na wa ne bakin tafkin?

Wannan ita ce tambayar da ta fi zafi. Masunta na da wuraren da suke ɗaure jirage da shanya koma. Makiyaya na da burtalin da suke bi zuwa mashaya. Masu lambu na bin ruwa suna shuka a inda ya janye. Masu ziyara na da hanyoyinsu zuwa kaburbura. Katanga ɗaya da aka ja daga tudu har cikin ruwa na iya toshe wa duka waɗannan hanya, kuma rikicin manoma da makiyaya a wannan jiha ba sabon abu ba ne.

Dokokin Nijar ba su yi shiru ba. Dokar filayen karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye. Dokar ruwa ta 2010 ta sa tafkuna cikin dukiyar al'umma, dokar kiwo ta wannan shekarar kuma ta tabbatar wa makiyaya haƙƙin isa ga ruwa. Dokar 2018 ta wajabta binciken illar aiki ga muhalli kafin a fara shi. Abin da ya rage shi ne hukumar garin Madarumfa da sarakunan gargajiya da ma'aikatan gandun daji su zauna da masunta da makiyaya da masu lambu, su fitar da taswira ɗaya da kowa zai gani: ga inda ba a gini ko kaɗan, ga hanyoyin da ba a toshewa, ga tazarar da za a bari tsakanin masauki da kabari, ga adadin ɗakunan da wurin zai iya ɗauka.

Batun kaburburan na buƙatar kulawa ta musamman. Ko mutum yana da ra'ayin ziyara ko ba shi da shi, makwancin mamata ne, kuma su ne kashi ɗaya cikin uku na abin da Nijar ta miƙa wa UNESCO. Kiɗa da lasifika a gefensu zai jawo rigimar da ba a buƙata.

Sai tsaro. Ƙauyukan gundumar da ke kan iyaka, musamman wajen Gabi da dajin Baban Rafi, sun sha fama da 'yan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane, kuma tun 2019 jihar Maraɗi ke karɓar dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina. Ba wanda zai kai iyalinsa kwana inda hankalinsa bai kwanta ba. Wannan ma hujja ce ta a yi ɗakunan kaɗan, a haɗe wuri guda kusa da gari, maimakon a warwatsa su a keɓaɓɓun wurare. Masaukin da 'yan gari ke aiki a cikinsa, suke sayar masa da kifi da zogale, suke tuƙa baƙinsa a jirgi, yana da masu sa masa ido fiye da wanda ya dogara ga doguwar katanga.

Ɗakuna shida zuwa goma na ƙasa a kan tudu, ƙarƙashin bishiyoyi, ba za su sa kowa ya yi kuɗi dare ɗaya ba. Amma jarinsu bai fi ƙarfin ƙungiyar masunta ko ta mata ko hukumar gari ba, kuma idan aka ga kuskure ana iya gyarawa. Otal mai hawa uku da aka dasa a fadama kuwa, idan ya toshe mashaya ko ya gurɓata ruwa, cire shi sai an sha shari'a, kamar yadda mutanen Lanzarote suka gani.

Har yanzu jirgin ƙasa bai iso ba. Lokacin ja wa ruwa da burtali da kaburbura layinsu a taswira shi ne yanzu, kafin masu neman fili su fara sallama.